Kafin Ki Hau Allo, Ki Ƙirga Ƙafafun Kaska

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni. Na yi murna da jin an ba ki aji a Kurfi kina koyar da kimiyya, tun tawadar takardarki ta Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ba ta gama bushewa ba. Allah ya sa albarka, ya ba ki haƙurin zama da 'ya'yan mutane. Kin ce darasin rabe-raben dabbobi ya tsaya miki a rai, wai yara su haddace jerin sunaye yau, gobe a wayi gari babu ko ɗaya a kansu. Kada ki ga laifinsu. Haka aka saba koyar da shi: malami ya juya baya ya cika allo da gida biyar, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Alhali dabbobin da ake magana a kansu suna nan bayan taga, wasu ma suna cikin ajin, a jikin bango da ƙarƙashin benci.

Shawarata guda ɗaya ce. Kada ki ba yaro sunan wani rukuni sai ya ga dalilin kafa rukunin da idonsa a jikin dabbar. Duk abin da zan faɗa miki a nan, bayanin wannan ne.

Ki fara da abin da suka zo da shi daga gida. Mu ma muna da namu rabon tun kaka da kakanni: dabbobin gida, namun daji, tsuntsaye, kifaye, sai ƙwari. Rabo ne na mai amfani da dabba, wanda ke duba inda take zaune da abin da za ta yi masa, kuma ya wadatar da makiyayi da mafarauci da masunci shekaru aru-aru. Inda yake gazawa shi ne ya zuba kunama da fara da tana da katantanwa a buhu ɗaya, alhali tazarar da ke tsakanin ginin jikinsu ta fi wadda ke tsakanin akuya da kifi. Malamanmu na fiƙihu kuwa tuni suka leƙa cikin jiki. A mazhabar Malikiyya ana bambanta halittar da ke da jini mai gudana da wadda ba ta da shi, shi ya sa mushen ƙuda ko tururuwa ba ya ɗaukar hukuncin mushen ɓera. Ki tuna musu kuma akwai surori da aka kira da sunan saniya, da ƙudan zuma, da tururuwa, da gizo-gizo, da giwa. Yaron da ya ji haka ba zai ɗauki darasinki a matsayin baƙon abu ba.

Tarihin abin ba ya buƙatar dogon zama. Aristotal na ƙasar Girka, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya raba dabbobi gida biyu, masu jini da marasa jini. Al-Jahiz na Basara, wanda ya rasu wajen shekarar 868, ya cika mujalladi bakwai da bayanin dabbobi da halayensu. Tsarin da ke cikin littafin ajinki kuwa ya samo asali daga Karl Liniyas, mutumin Suwidin, wanda ya fara wallafa shi a 1735. A bugu na goma, na 1758, ya cire ƙaton halittar tekun nan da ake kira wel daga cikin kifaye ya mai da shi cikin masu shayarwa, domin yana shaƙar iska da huhu, macensa kuma tana ba ɗanta nono. Zama cikin ruwa bai sa ya zama kifi ba. Kama da wane ba ta wane.

Tambayar farko mai sauƙi ce: yana da ƙashin baya ko babu? Ki roƙi mahauci ya ajiye miki ƙashin bayan akuya, ki haɗa da ƙayar karfasa da wuyan kaza da aka ci aka bari, ki wanke su ki shanya. Ki ba yara su taɓa, su ga gaɓoɓi a jere, su ga ramin da laka ke bi ta ciki zuwa ƙwaƙwalwa. Sannan kowa ya shafa bayan wuyansa. Daga nan sai ki ba su mamaki: duk masu wannan ƙashin, daga ɓera zuwa giwa, ba su kai kashi 5 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani ba. Sauran duk marasa ƙashin baya ne, ƙwari masu ƙafa shida kaɗai sun kai nau'i wajen miliyan ɗaya.

A cikin masu ƙashin baya, ki soma da masu shayarwa, tunda da su yaran suke kwana suke tashi. Alamarsu biyu ce, gashi da nono. Kada ki ce ƙafa huɗu, domin kadangare ma huɗu gare shi. Kada ki ce haihuwa, domin macijiyar nan kasa ma haihuwa take yi. Da zarar kin kafa waɗannan alamu biyu, sai ki jefa musu jemage. Za su kawo miki tatsuniyar nan ta yadda ya ƙi biyan haraji a wurin tsuntsaye ya kuma ƙi biya a wurin dabbobi, ki bar su su gama, tatsuniya ce mai daɗi. Sannan ki nuna musu hotonsa a wayarki, ki faɗaɗa. Jikinsa gashi ne lallausa irin na ɓera. Yana da haƙora, yana da kunnuwa a waje, abin da babu tsuntsun da ke da shi. Fiffikensa kuwa hannu ne: yatsu huɗu dogaye da fata siririya a shimfiɗe a tsakaninsu, babban yatsa ya saura a waje da farcensa. Macen tana haihuwa, ɗan ya maƙale a ƙirjinta yana tsotso. An san jemagu fiye da nau'i 1,400, wato kusan ɗaya cikin biyar na dukan masu shayarwa. Hoto na ce, ɗiyata. Kada yaro ya ɗauko miki mataccen jemage da hannu, suna iya ɗaukar cuta.

Ga wata da na fi so. Tambaye su wace ce 'yar'uwar bushiya, duk ajin zai ce beguwa, saboda ƙaya. To ƙayar nan gashi ce da ta yi tauri, a jikin kowacce. In an buɗe baki sai labari ya sha bamban. Beguwa tana da manyan haƙoran gaba biyu sama biyu ƙasa, masu tsiro har abada, na gaigayar rogo da dankali, irin na gafiya da kurege da ɓera. Bushiya ƙananan haƙora gare ta masu tsini, na cin ƙwari, danginta jaɓa ce. Ita ma jaɓar da muke ɗauka ɓera ce mai wari, ba ta cikin ɓeraye, kuma ba hatsi ya kawo ta ɗaki ba, kyankyaso take nema. Haka kura: kowa zai rantse dangin kare ce, masana kuwa da suka duba ƙoƙon kanta suka iske ta fi kusa da kyanwa da tunku.

Haƙori da kofato kuwa, 'ya'yan makiyaya da na dillalan kara za su koya miki. Ki tambayi wanda ubansa ke kai dabbobi kasuwar Dutsin-Ma ko ta Charanci me ya sa ake buɗe bakin rago kafin a yi ciniki. Zai gaya miki shekaru ake karantawa. Ki ce masa to haƙoran gaba nawa ne a sama? Babu ko ɗaya, dasashi ne mai tauri. Saniya da tunkiya da akuya duk haka suke, kofatonsu a tsage biyu, cikinsu ɗaki huɗu, suna tuƙa. Doki da jaki kofato guda, haƙora sama da ƙasa, ba sa tuƙa, kuma kusancinsu ya kai su haifi alfadari. Raƙumi yana tuƙa amma cikinsa ɗaki uku ne, tafinsa kuma mai taushi. Yaron da ya ga an ɗauki sanin ubansa an sa a darasi, ba zai sake yin barci a ajinki ba.

Tsuntsaye ba za su ba ki wahala ba. Gashin tsuntsu shi ne hujja, babu wata halitta mai rai da ke da irinsa. Tashi sama ba hujja ba ne, jimina ba ta tashi, fara kuwa tana tashi. Baki ba haƙori, ƙwai mai ɓawo mai tauri, jiki da zafi fiye da namu. Abin da za ki tsaya a kai shi ne baki da ƙafa: ƙugiyar bakin shaho da faratansa, gajeren bakin kurciya na tsintar hatsi, dogayen ƙafafun belbela, tafin agwagwa. Idan shamuwa ta sauka a bishiyoyin gari gab da damina, ki gaya musu daga kudancin Afirka ta dawo. Ki sa baki kuma a kan mujiya. Ana jifanta ana cewa ta mayu ce, ita kuwa ɓerayen da ke cinye mana hatsi a rumbu take kamawa cikin dare.

Inda yara suka fi rikicewa shi ne tsakanin kwaɗo da kadangare, domin a idonsu duk abin ƙyama ne mai bin ƙasa. Fata za ki sa su duba. Ta kadangare busasshiya ce mai ɓawo-ɓawo, ruwan jikinsa ba ya fita, shi ya sa yake iya kwanciya a kan duwatsun Dutsin-Ma cikin rana. Da safiyar hunturu ki nuna musu shi ya baje a jikin katanga. Ba lalaci ba ne, jikinsa ba ya haɗa ɗumin kansa, sai ya ara daga rana kafin ya iya gudu. Damo da guza da hawainiya da kunkuru da kada da maciji duk gidansu ɗaya. Kwaɗo kuwa fatarsa tsirara ce, har numfashi yake yi da ita, ƙwansa ba ɓawo, dole sai cikin ruwa. In damina ta sauka, ki sa a ɗebo talibambam a kududdufi a zuba a babbar kwalba da ɗan gansakuka, ana canja ruwan. Za su ga ƙafafun baya sun fito, sannan na gaba, wutsiya tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Bayan nan ki sa su mai da su inda aka ɗebo su. Wasu za su ce miki kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa. A ƙasa suke binne tun rani, ruwan farko ne ke tashe su.

Maciji kam ki yi maganarsa da nauyi, domin a nan darasin ya shafi rai. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu uku, amma ita ce ta fi kashe manoma da makiyaya a ƙasashenmu na Arewa, dafinta yana hana jini daskarewa. Saboda yawan saranta ne asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar saran maciji. Mesa kuwa duk girmanta ba ta da dafi. Ki gaya musu girma ba ya nuna haɗari, kuma wanda aka sara a garzaya da shi asibiti, ban da tsaga wurin, ban da ɗaure shi tamau.

Kifi kuma ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, tana kawo mana shi har ƙofar gida. Ki sayi karfasa ɗanya, ki ɗaga murfin kumatunta su ga jan naman nan mai tsage-tsage da take tace iska da shi daga cikin ruwa. Kada ki ce kowane kifi yana da ɓamɓaroki, yaro zai ɗaga hannu ya ce tarwaɗa fa? Kuma ya fi ki gaskiya. Sai gaiwa. Ita kifi ce, amma tana da huhu, in aka hana ta leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska sai ta mutu. Idan fadama ta fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kube, ta bar 'yar ƙofar iska a sama. Haka za ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha, har ruwa ya dawo. Masu haƙar gaiwa da rani sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Ayu kuwa, na kogin Kwara da Binuwai, wanda masu magani suka cika mu da labarin mansa, ba kifi ba ne, nono yake ba ɗansa.

Yanzu ga inda nake so ki fi daɗewa, wurin ƙananan nan marasa ƙashin baya, domin su ne suka fi taɓa lafiyarmu da aljihunmu, su ne kuma littafi ya fi yi wa rowar shafi. Makaminki a nan ƙirga ƙafa ne.

Ki sa ɗan makiyayi ya ciro miki kaska daga jikin saniya ya sa a kwalba, wani ya kamo fara. Ki ɗora su a kan farar takarda, in kin sami gilashin ƙara girma to, in babu kyamarar waya ta isa. Fara: kai, ƙirji, ciki, kashi uku a fili. Ƙafa shida, duk a ƙirji suke. 'Yan zaruruwa biyu a ka, ga fiffike. Kaska: jiki dunƙule, ba zare a ka, ba fiffike, ƙafa takwas. Su ƙirga da kansu, su yi musu, su sake ƙirgawa. Daga nan za su gano kaska dangin gizo-gizo ce da kunama. (In wani ya kawo ƙaramar da ta fito daga ƙwai ya ce shida ya gani, bai yi ƙarya ba, sai ta yi saɓa take cika takwas.) Ba ta tashi, ba ta tsalle, a kan ciyawa take jira dabba ta gifta. Makiyayi ya san inda kaska ta yi yawa kirci yakan biyo baya, kamar yadda ya san sammore daga cizon tsando yake, shi kuwa tsando ƙafa shida gare shi, ɗan'uwan ƙuda ne.

Shanshani da ƙadandoniya ma haka. Shanshani ƙafa biyu a kowace gaɓa, jiki a baje, gudu, ga cizo mai zafi. Ƙadandoniya ƙafa huɗu a kowace gaɓa, tafiyar sarauta, ruɓaɓɓen ganye take ci, in an taɓa ta sai ta naɗe. Gara da tururuwa kuma, ki sa su duba ƙugu. Tururuwa ƙugunta a tsuke yake irin na rina da ƙudan zuma, danginta ke nan. Gara ba ta da ƙugu, danginta kyankyaso.

Tsutsa ce za ta fi ba ki aiki. Tsutsar nan da ta addabi masara, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016 bayan ta tsallako daga nahiyar Amurka, ki juya ta ki duba kusa da kai: ƙananan ƙafafu shida masu tsini. Jaririyar faɗa-wuta ce, uwarta da dare take zuwa ta zuba ƙwai a ganye. Manomin da ya san haka ƙwan zai riƙa nema a bayan ganye tun kafin ɓarna ta bayyana. Tana kuwa ba ta da ƙafa, ba za ta taɓa yin fiffike ba, jikinta zobe-zobe ne, dangin matsattsaku, kuma alheri ce ga gona. Tsutsar ciki gida daban ce, ita ma iri-iri: akwai mulmulalliya, akwai mai faɗi irin wadda mahauta ke tararwa a hantar saniya. Maganin da ke kashe ta farko ba lallai ya taɓa ta biyu ba, ga shi mutane suna ta ɗura wa dabbobi magani ɗaya suna cewa jabu ne. Ita ta hantar sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa kafin ta kama ciyawar fadama. Tsargiya ma, fitsarin jinin nan da wasu ke ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, tsutsa ce mai faɗi da ke fitowa daga katantanwa a ruwan da ba ya gudu, ta huda fatar mai wanka. Garin da ke kusa da dam da kududdufai bai kamata a bar yaransa cikin duhun wannan ba. Ki ba su labarin kurkunu don su san ana cin nasara: da aka gane wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa, dangin ƙaguwa, shi ke ɗauke da shi, sai aka dage da tace ruwan sha, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi.

Za a sami ranar da ƙa'idarki za ta ci karo da wata halitta. A Ostareliya akwai wata dabba mai gashi, mai shayarwa, amma ƙwai take sakawa, ga baki irin na agwagwa. Da fatarta ta isa Ingila, masanin da ya yi bayaninta a 1799 sai da ya bincika ko wani ne ya ɗinka don ya yaudare shi. Rukunan nan mutane ne suka tsara su don su fahimci halittar Ubangiji, kuma har gobe ana gyara su. Saboda haka in yaro ya kawo abin da ba ki gane ba, ki ce masa mu bincika tare, girmanki ba zai ragu ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana nan kusa da ku, akwai malaman nazarin halittu da na kiwon kifi da dabbobi. Ki ɗauki hoto ki aika, ko ki nemi shugaban makarantarku ya rubuta a ba ku rana ku kai ziyara.

Abu biyu zan roƙe ki. Kin san halin rashin tsaro da dajinmu yake ciki a 'yan shekarun nan, kada ki tura ɗan kowa bayan gari neman ƙwaro, abin da ke harabar makaranta da cikin gida da kasuwa ya ishe ki shekara guda. Kunama da maciji da rina kuwa hoto ya wadatar. Na biyu, kada darasin ya zama dalilin azabtar da dabba. Abin da aka kamo da rai a duba shi a sake shi, ban da kaska.

Ki nemi kwalabe biyar masu murfi da kwali guda na ajiye ƙasusuwa, ki fara da su a makon nan. In kin zo hutu ki taho mini da littafin yaron da ya fi kowa musu a ajin, ina so in ga abin da ya zana. Ki gaishe da mahaifiyarki.